Wayar da Ke Bin Ƙwaryar Nono

Shekarar da aka ce mu raba karatu biyu, rabi a aji rabi ta waya, jami'armu ta buɗe ofishin taimaka wa malamai. Taimako wai! Kwana uku muka yi a zaune, wani saurayi mai ɗamammen kwat da aka ɗauko daga Abuja yana haska mana hotunan ɗalibai suna murmushi gaban kwamfuta. Ko ɗaya bai yi kama da ɗan Keffi ba. Aka ba mu shinkafa da jaka mai tambari, aka kafa mana doka: ranar Alhamis babu aji, gwaji ta waya, sha biyu zuwa ɗaya na rana, na'ura ke buɗewa ita ke rufewa.

Kada in wanke kaina, ni ma na bi kamar raƙumi da akala.

A ajina akwai wata Bafulatana 'yar shekarar ƙarshe, daga ruga take zuwa. Ta fi kowa kai. Mahaifinta ya riga ya faɗa mata bana ce ta ƙarshe, ba zai ƙara taɓa garkensa don boko ba. Alhamis uku a jere na duba, babu amsarta. Na kira ta ofishina ina faɗa.

"Ke, me ke damunki? Kin raina ni ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, wayar ce ba ta gida. Inna ke tafiya da ita."

Ashe rugarsu babu wuta. Kowace safiya uwarta kan ɗaure wayar a leda, ta ɗora kan ƙwaryar nono, ta ajiye ta wurin mai caji a Gangaren Tudu, sai ta gama talla ta karɓa, ta isa gida dab da magariba. Ita kuwa yarinyar, ranar da babu aji, ita ke tsaron maruƙa da ƙanne. Kunya ta hana ta faɗa mini tun farko.

Na tafi ofishin taimako da saurina. Na roƙi a sake buɗe mata gwaje-gwaje ukun nan, a kuma ja lokacin zuwa isha'i. Mai kwat ya gyara zama.

"Yallaɓai, tsari ne. Ai kowa na da waya a hannu yanzu."

"A hannu? Tata a kan ƙwarya take!"

Ya yi dariya, ya miƙo mini fom mai shafi huɗu. Na cike. Aka ce kwamiti zai zauna. Har yau bai zauna ba, ko kujeru ne suka ƙare oho. Na yi mata gwajin a takarda, ta cinye tas, aka ce na'ura ba ta san takarda ba. Maki biyu suka kayar da ita.

Ƙarshen zango 'yan ofishin suka tara mu, suka ba ni takardar yabo: darasina ya fi na kowa bin tsari. Har da tafi. Wallahi ban taɓa jin na tsani takarda haka ba.

A hanyar gida, a Angwan Iya, na ci karo da uwar ta sauke ƙwarya a inuwa. Ta gane ni, don ta taɓa rako 'yarta makaranta. Ta ga takardar mai zanen zinare a hannuna, fuskarta ta washe.

"Malam, ta yarinyata ce?"

Na naɗe takardar, na cusa a aljihu. Ledar wayar na nan ɗaure kusa da ludayi.