Baba Ya Ce a Danna Na Uku

Ni ne na rubuta manhajar koyon Hausa da yaranmu na Greensboro ke shiga ran Asabar. Ina faɗa da ƙarfi, don matata ta ce in ban yabi kaina ba babu mai yi.

Malaminsu wani dattijo ne ɗan Nijar, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, muna ce masa Baba. Idonsa ya yi rauni, bai iya karanta ƙananan rubutun menu, wato jerin umarnin da ke saman manhaja. Sai ya haddace wurarensu. Daga ɗakinsa a titin Gate City Boulevard yakan ce wa yara, "Ku danna na uku, ku saurara."

To, kwamfutocin gidajenmu iri uku ne, kowacce da tsarinta da taurin kanta, kuma kowacce na rubuta mata menu dabam. A ta Baba, na uku shi ne Saurara. A wasu Maimaita ne. A irin ta 'ya'yan wata Hajiya ta garin McLeansville kuwa, na uku shi ne Fita. Da zarar Baba ya ba da umarni, sai fuskokin waɗannan yara su ɓace daga allonsa, ɗif.

Wata Juma'a bayan masallaci ya riƙe mini hannu.

"Injiniya, na bar karatun nan. Ina buɗe baki suke gudu. Ni tsoho ne, amma na san in an gaji da ni."

"Haba Baba, wa zai gaji da kai? Ni da nake jin labarin rairayin Agadas tun ina da gashi?"

Bai yi dariya ba. Nan na san maganar ta yi nauyi.

Na tuka mota har gidan Hajiya, na ce autarta ta nuna mini abin da take yi. Ta ƙirga da yatsa, ta danna, manhaja ta rufe. Cikin Turanci ta ce ita ta zaci Baba ne ke korarsu don ba su iya ba.

Na koma gida na zubar da menu ukun nan, na rubuta guda ɗaya tal wanda duk kwamfutocin za su riƙa ɗauka. Kwamfuta ɗaya ta ƙi, wai ita a can ƙolin allo take ajiye nata. Na lallashe ta kamar mai neman biza, na yi gumin da zai shayar da filin golf na Sedgefield. Fita kuwa na kai shi can ƙasa, inda sai mai niyya zai same shi.

Da ƙyar Baba ya yarda ya sake gwadawa. Ran Asabar na zauna kusa da shi. Ya ba da umarni, ya matso da fuskarsa har hancinsa na goge allo, yana duba yaran ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan.

Autar Hajiya ta ce, "Baba, mun ji. Ƙara."

Ya juyo ya harare ni. "Kai kuma zaman me kake yi? Tashi ka sa mana shayi, muna da aiki."