Ƙofar Bushiya a Gindin Katanga

Maginin da ya yi mini katangar gida dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda siminti ya cinye wa zanen tafin hannu. A unguwarmu Baban Bushiya ake ce masa, domin duk katangar da ya gina sai ya bar wata 'yar kafa a gindinta. Ba ta ruwa ba ce, ta ruwa daban yake yi.

Ni akawu ne, kuma ba na son abin da ban san dalilinsa ba. Ranar da ya zo awon fili, sai na ga ya ajiye igiya ya durƙusa yana bin ƙasa da ido.

"Baba, me ya faɗi?"

"Ba abin da ya faɗi, Malam Akawu. Masu hanya nake nema. Kai jiya ka sayi filin nan, su kuwa tun kakanninsu nan suke bi."

Ya nuna mini wata siririyar hanya cikin ciyawa, ya ce ta bushiya ce. A daidai nan ya bar kafarsa.

A hankali na ji tarihinsa. Tun yana mai kwaɓa wa ubangidansa siminti, shi ke fara isa wurin aiki, kuma kullum sai ya tarar da sawun ƙananan dabbobi a kan daɓen jiya. Aikinsa ne ya shafe su kafin maigida ya iso. Yana shafewa yana tambayar kansa ko na wane ne. Da ya zama mai kansa, sai ya riƙa yanke guntun daɓen yana kaiwa gida. Na ga tarin da idona: na kurege, na gafiya, na tunku, an jingine su a bango. Matarsa ta ce mini ta haƙura, sai dai ranar da sawun giwa ya shigo gidan, ita za ta fita.

Bayan an gama katangata, maƙwabcina Mai Kaji ya fara rasa 'yan tsaki. Ya same mu ni da Baba a ƙofar gida.

"Baba, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa, saura ka shimfiɗa masa tabarma."

"Ɓarawon naka ka gan shi?"

"Sai na gan shi? Ga ƙofarsa nan."

Uwargidana ma ta goyi bayan Mai Kaji, ta ce zaman lafiya da maƙwabci ya fi mata bushiya. Baba ya ce bai taɓa toshe kafa ko ɗaya ba tun da ya fara gini. Amma in ta tabbata ta nan ake bi a ɗauki tsaki, zai toshe ta da hannunsa, kuma ba zai ƙara barin wata a katangar kowa ba. Na dubi fuskarsa, na san ba wasa yake ba.

Da yamma ya kwaɓa siminti ruwa-ruwa yadda ba zai bushe da wuri ba. Ya shafa a bakin kafar, sannan ya hau tsani ya shafa a saman katangar.

"Saman kuma na mene ne?" in ji Mai Kaji.

"Ba kowa ke da ladabin bi ta ƙofa ba."

Da safe muka taru, an sake rasa tsako. A bakin kafa ga 'yan sawun bushiya, shiga da fita. A saman katanga kuwa ga sawu kewayayye babu alamar farce, ga gashin tsako maƙale a siminti. Muna cikin dubawa sai magen Mai Kaji ta fito tana miƙa, ƙafafunta fari fat da busasshen siminti.

Mai Kaji ya dube ta ya ce, "Ke da nake ba ki madara?"

Na ɗauka Baba zai yi masa dariya. Ko ɗagowa bai yi ba. Yana durƙushe a bakin kafar, domin kusa da sawun bushiya akwai wani, mai dogayen yatsu, da layin wutsiya a tsakani.

"Gafiya ce?" na tambaye shi.

"Gafiya ta fi wannan nauyi. Ba kurege ba ne, ba tunku ba. Malam Akawu, ban san shi ba."

Ya faɗi haka yana murmushi kamar an yi masa albishir. Ya yanke guntun, ya naɗe a hularsa.

Kafar tana nan har yau. Baba ya zuba yashi mai laushi a bakinta, ya ce in riƙa dubawa. Kowace safiya kafin in tafi ofis nakan durƙusa in duba, in share da gefen hannu. Mai Kaji kan leƙo ta saman katanga ya ce, "Ya dawo?" Bai dawo ba tukuna.