Tsimin Fetur ɗin Hadi da Ƙwan Madam Mabel

Duk tashar Masaka ba wanda bai san Hadi direba da tsohuwar motarsa mai ruwan ƙasa ba. Shekara goma sha ɗaya yana jigila, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. To, tun da fetur ya yi tsada sai bawan Allah ya zama malamin tsimi. Ya cire safaya ya ajiye a gida, wai nauyi ce. Fasinja mai ƙiba kuwa, sai ya kau da kai kamar bai gan shi ba. Burki ma rowarsa yake yi, wai duk takawa ɗaya asarar cokalin mai ce.

Shatar Madam Mabel mai sarin ƙwai ce ke riƙe da gidansa. Duk Talata da Juma'a shi ke ɗauko mata kaya daga gonar kaji a Orozo. Da wannan matarsa Kubra ke ɗora tukunya.

Wata Talata ya ji a tasha cewa taya mai ƙarancin iska tana jawo shan mai. Gaskiya ne kuwa. Amma Hadi, in ka ce masa gishiri kaɗan, buhun yake juyewa. Ya zarce wurin Dominic mai faci.

"Ƙara iska."

"Oga, ta kai fa. Duba awo."

"Motar taka ce? Ƙara!"

Dominic ya ɗura har tayoyin suka koma dutsen niƙa.

A gonar aka loda ƙwai kiret arba'in, Madam ta zauna a gaba. Hanya ga ramuka, mota ta dinga tsalle kamar ɗan akuya.

"Hadi, taka burki! Ƙwai ne fa, ba doya ba!"

"Madam, burki mai yake sha."

Da suka iso kasuwa aka buɗe but, sai ga gwaiduwa tana tsiyaya har ƙasa. Madam Mabel ba ta yi faɗa ba. A gabansa ta kira Godfrey, direban da motarsa ke shan mai kamar raƙumi, ta ce daga Juma'a aikin nasa ne.

Hadi ya koma gida ya ce wa Kubra, "Amma fa allurar mai ko motsi ba ta yi ba."

Ta ce, "Madalla, maigida. Kawo allurar in dafa mana."

Har yau motar ƙarnin ƙwai take yi, fasinja ya leƙa ya juya. Wuni take a fake a tasha, ko ɗigon fetur ba ta sha.