Sandunan da Alhaji Ya Kulle a Sito

Wata rana aka naɗa wani bawan Allah, Nafi'u, manajan ƙungiyar ƙwallon gora ta garinsu. Hoki dai, wanda ake bugawa da sanda.

Ƙungiya ce da duk inda ta je sai an lallasa ta.

Ƙiri-ƙiri aka gaya masa: in bana ma suka ƙare a ƙarshen tebur, za a rushe ƙungiyar, kowane ɗan wasa ya kama gabansa.

Ya je filin atisaye. Ko sallamarsa 'yan wasan ba su amsa ba. Kyaftin ɗinsu, Ishaya, ya dube shi sama da ƙasa ya ja tsaki. Manajoji irinsa nawa suka zo suka wuce?

Nafi'u kuwa hannayensu yake kallo.

Sandunan duk a tsage, an ɗaɗɗaure su da roba. Wata har ƙusa aka buga mata.

Ashe akwai sababbi, suna sito a kulle cikin ledarsu. Haka ƙungiyar ta saba: ba a fito da su sai ranar gasa, wai kada su lalace. A ɗauki hoto, a buga wasa, a goge, a mayar.

Ka ji fa. Mutum ya saba da karkatacciyar sanda, ranar wasa a miƙa masa wadda hannunsa bai sani ba. Ya buga, ƙwallo ta nufi 'yan kallo. Sai a dawo gida ana cewa asiri aka yi musu.

Nafi'u ya nemi makulli. Aka ce yana aljihun shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗanlami. Nafi'u ya yi ta sintiri. Yau a ce Alhaji ya fita, gobe a ce yana hutawa.

Da ya gaji, ya ari guduma ya fasa kwaɗon.

Nan da nan atisaye ya canza. Ƙwallo ta fara zuwa inda aka aike ta. Har Ishaya ya soma amsa sallama.

Ana dab da wasan ƙarshe, sanda ɗaya ta karye.

Alhaji ya zo har fili yana huci.

"Kai ɗan gidan uban wa ne da za ka fasa min sito? Shekara da shekaru ko ƙwarzane babu a jikin sandunan nan!"

"Ranka ya daɗe, shi ya sa ko kofi ɗaya babu a ofishinka."



A nan take aka kori Nafi'u. 'Yan wasan da ya fasa kwaɗon dominsu duk suka sunkuyar da kai. Ishaya ma ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

Ranar wasa, a cikin 'yan kallo Nafi'u ya tsaya. Suka ci. Ƙungiya ta tsira.

Alhaji ya rungumi kowa, yana cewa albarkar tanadinsa ce. Kafin Nafi'u ya bar wurin, yana gani aka mayar da sandunan leda, aka ɗana sabon kwaɗo, ƙato.

Da shekara ta zagayo suka koma ƙarshen tebur. Aka rushe ƙungiyar.

Sandunan suna nan a sito. Sababbi fil.

Darasi: Akwai shugabannin da kayan aiki sun fi musu aikin daraja. Amma ba su kaɗai ke kashe wuri ba, har da masu sunkuyar da kai ranar da ake korar wanda ya tsaya musu. Ka yi shekaru ba ka gari, ka dawo, kwaɗon nan dai za ka tarar.

Tura wa duk wanda ka san akwai makulli a aljihunsa. In ya ji haushi, da shi ake.