Muryar Da Na Goge

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya ina da shagon gyaran kwamfuta a Haɗeja, kusa da tasha, kuma lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don duk layin ni kaɗai na iya sauke wa kwamfuta tsohon tsari in ɗora mata sabo.

Wata Talata da hantsi wata dattijuwa daga Guri ta shigo da laftof naɗe cikin zane. Ta ɗanta ce, mai raka baƙi kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya, kwalekwale ya kife da shi da damina, ko gawarsa ba a gani ba. Ƙanwarsa ce ta samu makaranta, aka ce sai an sabunta tsarin. Ta ce, "Ɗan nan, muryarsa tana ciki, yana kiran sunayen tsuntsaye. Duk Juma'a yarinyar ke kunna min. Kar ka taɓa min ita."

Na ce, "Haba Iya, kwantar da hankalinki."

To ƙa'idar aikin, kafin ka share komai sai ka kwashe kayan mutum a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ka buɗe ka tabbatar sun kwafu. Na san wannan sarai. Amma filashina cike yake da finafinai, ƙyuya ta hana ni rage su, na danna na share komai ina shan furata.

Da la'asar ta dawo ta ce a kunna mata. Na dube ta tsakiyar ido na ce dama babu komai a ciki. "Ku mutanen fadama kun jiƙa abu da ruwan ambaliya, sannan ki zo ki ɗora min?" 'Yan zaman shago suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe kayanta ta ce, "Tunda ka hana ni, Allah ya sa kai ka ji shi."

Bayan kwana uku, rana tsaka, na gama ɗora tsari a kwamfutar wani malamin makaranta, sabuwa fil daga kwali, sai na ji ƙarar ruwa daga lasifikarta, da muryar saurayi a natse: "Ga ɗinya can. Ga gauraka." Innalillahi! Malamin yana gefena, ya rantse bai ji komai ba. Daga ranar duk wadda na taɓa haka take yi.

Tsoro ya sa na aika Guri aka taho da dattijuwar, na ce muryar ta dawo. Ta shigo har tana tuntuɓe don murna. Ina kunna wata kwamfuta saurayin ya bar zancen tsuntsaye, na ji shi ƙarara ya ce, "Iya? Iya, ke ce?" Ta kanga kunnenta jikin lasifikar, ta daɗe a duƙe. Ba ta ji ko tari ba.

Ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, abin da ka yi min bai ishe ka ba?" Ta fita yana ta ƙwala mata kira.

Na bar sana'ar, shinkafa nake sarowa yanzu. In za ku kai kwamfuta a sabunta, ku tsaya kan mai gyaran sai kun ga kayanku a filash da idonku. Iya ta rasu bara. Ni kuwa ko waya na kara a kunne, kafin mai kira ya yi sallama sai na ji ruwa, sannan saurayin ya tambaye ni ina Iya ta tafi.