Ranar da Yaya Sale Ya Murɗa Famfon Motar Kwana-kwana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, ɗan kwana-kwana, amma har yau in na ji jiniya sai na ɗaga kai, kamar zan hango shi maƙale a bayan jar motar nan, hula a karkace. Allah ya jiƙan Yaya. Mutum ne mai shisshigin tsiya. In ya zo gidana, kafin mu gama gaisawa ya janye risho daga jikin zana, ya kori jikokina daga bakin murhu. Na sha ce masa, "Yaya, zumunci ka zo ko sintiri?"

Ni mai man gyaɗa ce. Duk ranar kasuwa ina hawa mota daga tashar garinmu, nan ƙasar Gumel, zuwa Maigatari. Wanda ya bi hanyar a wancan lokacin ya san yadda ake lodi: jarkokin fetur na masu tsallakawa da shi Nijar a ƙarƙashin kujera, mu a samansu, ƙofa kuma a ɗaure da igiya. Abin da kawai yake sa direbobi su rage jarkoki shi ne tsoro.

Sai su Yaya suka tafi yajin aiki. Tankin ruwan motarsu na yoyo, tiyo ya fashe, an daɗe ana yi musu gobe-gobe. Wallahi ban goyi bayansu ba, na ce masa aikin ceton rai ba a ajiye shi. Amma a kwanakin farko yajin ya yi wani amfani da ba wanda ya zata: direbobi suka ji babu mai kawo ɗauki, suka daina cusa mana fetur.

Hukumar gari kuwa, maimakon ta gyara mota, sai ta sa aka wanke ta tas, aka turo ta bakin tasha ranar kasuwa aka ajiye, wai don hankalin matafiya ya kwanta. Aka kuma yi shela cewa duk ɗan yajin da ya kusance ta, a bakin aikinsa. Hankali ya kwanta kuwa, fiye da kima. Direbanmu, Ɗan'azumi, ya dawo da jarkokinsa har da ƙari. Da na yi magana ya nuna min motar da haɓa.

"Haba Hajiya, ba ga kwana-kwana nan ba?"

Ina zaune cikin warin fetur na ga Yaya ya shigo tasha da 'yar shararsa ta gida. Ya leƙa motarmu, ya dubi ƙasan kujera, ya dube ni. Sai ya nufi jar motar. Ni kuwa na san 'ya'yansa da matarsa da wannan aikin suke ci. Na ƙwala masa kira, "Yaya, don Allah ka rufa mana asiri!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Wakilin hukuma da ke gadin motar ya ce, "Malam Sale, ka san dai abin da aka faɗa."

"Na sani, Yallaɓai."

Ya murɗa famfon tankin a gaban jama'a. Ko ɗigo bai fito ba. Sai wata tsohuwa a bayana ta saki salati, ta fara neman hanyar fita ta taga. Ɗan'azumi da hannunsa ya kwance igiyar ƙofa, ya yi ta sauke jarkoki yana gumi, bai iya haɗa ido da kowa ba. A ranar 'yan tasha suka yanke cewa fetur motarsa daban, mutane motarsu daban.

Da yajin ya ƙare an gyara tanki, an mayar da kowa bakin aiki, ban da Yaya. Na yi fushi da shi sosai, na yi kuka, na ce ai da sai ya raɗa wa direbobi a kunne. Ya ce, "Habi, wa zai yarda da ɗan yaji? Sai sun gani." Ya koma noman gero da ɗan kiwo wajen Ɗanzomo, a haka ciwo ya same shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Fetur ya yi tsadar da ake sayar da shi a kwalba a bakin titi, 'yan acaɓa na ɗaukar tukunyar gas a cinya da fasinja biyu a baya. Na san ba zai yi shiru ba, da yanzu an sake korar sa daga wani wurin.

Bai bar wa iyalinsa fansho ba, ba a rubuta sunansa a jikin kowane bango ba. Wannan yana yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma a kasuwar da ta wuce wani mutum ya zo zai tura jarka ƙarƙashin kujerata, sai direban, wanda ban taɓa gani ba, ya tare shi ya ce a tashar nan ba a haɗa fetur da mutane. Na ce, "Ɗana, wa ya kafa muku wannan doka?" Ya ce shi dai haka ya tarar.

Na ce to ya rage gudu, ya kashe rediyo. Daga nan har Maigatari ina ba shi labarin yayana.