Malam Lawali ya bar mana babban makulli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni a Gabi, ina cikin dama koko. Sanusi ne ya kira, abokin aikinmu na Ɗan Issa. Ya ce: “Barira, Malam Lawali ya rasu.”

Wallahi dariya na yi. Na ce: “Kai Sanusi, har yanzu ba ka san halin Malam ba? Yana can bakin tafki yana cin kifi.”

Sai na ji ƙaton namiji yana kuka a waya. Nan ludayin ya faɗi daga hannuna.

Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki, aka kai shi Maradi, ashe tafiyar ke nan.

Waɗanda ba su san shi ba za su ce wace irin mace ce za a gaya mata mutuwa ta yi dariya. Ku yi mini uzuri, ku ji dalili.

Malam Lawali shi ya haɗa mana shafukan intanet na ƙungiyoyinmu. Akwai na masunta da masu lambu na Madarumfa, akwai na manoman Gabi wanda nake riƙe da shi, akwai na ƴan kasuwar hatsi na Ɗan Issa a hannun Sanusi, da wasu ƙanana. Kowane shafi da sunansa da mutanensa, amma duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Ta nan manomi ke jin ranar rabon iri, ta nan ake gargaɗi in tsutsa ta faɗa wa gero, ta nan ƴan ci-ranin da ke Najeriya ke leƙo gida.

Shi ne kuma ke yanka wa kowa iyakar inda zai shiga. Yakan ce abin kamar gida ne: wani iyakarsa zaure, wani tsakar gida, wani har rumbu. Akwai mai rubutu kawai ya ajiye, sai an duba. Akwai mai dubawa ya saki. Akwai mai riƙe da shafin garinsu. Sannan akwai wanda in ya shiga yana ganin shafukan gaba ɗaya, shi ke ƙara mutum, shi ke cire mutum. Wannan Malam ke kira babban makulli.

Kuma bai raba shi don kunya ko don girma.

Wani shugaban ƙungiya ya taɓa zuwa biro, wato ofishin Malam, da babbar riga, ya ce tun da shi ne shugaba, a ba shi babban makullin. Malam ya tashi ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, ya ce: “Alhaji, ai girmanka ya wuce danne-danne. Ka ba da umurni, mu yara mu danna.” Alhaji ya fita yana murmushi, bai samu komi ba sai shayi.

Ni kuwa sau nawa na manta lambar sirrina? Allah kaɗai ya sani. Ko sau ɗaya Malam bai taɓa faɗa a gurup ɗinmu na waya ba. Sai dai ya kira ya ce: “Ƴar Gabi, kin sake kulle kanki a waje?”

Lokacin da na fara, rezo, wato sabis ɗin waya, bai kama cikin gidanmu. Malam ya hau babur tun daga Madarumfa, ya zo da soyayyen kifi a leda don yarana, muka yi ta zagaya gari da waya a sama har muka samu wani tudu bayan lakwal, makarantar bokon garinmu. Ya ce: “To ga ofishinki nan, ba haya.”

Amma akwai ɗabi'arsa ɗaya da ta hana mu sakat.

Lokaci-lokaci, ba sanarwa ba komi, sai mu wayi gari da saƙo a gurup: “Jama'a, yau Lawali ya mutu. Ku ji da kanku.” Ya ɗora babban makullin a kan ɗayanmu na yini guda, ya kashe waya, ya bi masunta tafki. Ko shafi ya tsaya, ko wani ya kasa shiga, ba ruwansa. Sai magariba ya kunna waya ya tambaya wa ya yi mene.

Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce: “Malam, don Allah ka daina wannan mugun fata! Baki fa shi ke yanka wuya.”

Ya ce: “Mutuwa ba ta jiran sai an kira ta, Barira. Gara ku koyi maraici ina raye, in kun ɓata in gyara.”

Ranar da abin ya fara faɗowa kaina, zufa ta jiƙa mini hijabi. Ina ganin shafukan mutane jere a gabana, ina tsoron in danna wani abu in rushe aikin shekaru. Ban rushe komi ba. Karo na biyu ma har na buɗe wa wata mai lambu ƙofa da kaina.

Ganinmu na ƙarshe, gab da faɗuwar damina ne. Na je Madarumfa, na iske shi bakin tafki ƙarƙashin wata bishiya, ordinatar, wato kwamfutarsa, a kan cinya. Ya ce daga ranar babban makullin ya zauna a hannuna dindindin, tare da nasa.

Na ce: “Ni? Ni da sai na hau tudu nake ganin rezo? Ba ga maza nan ba?”

Ya ce: “Mi kike tsoro? Ke ce in ba ki sani ba kike tambaya kafin ki danna. Shi nake nema.”

Sannan ya ce in riƙe abu biyu. Duk ranar da mutum ya bar aikin, a rufe ƙofarsa a ranar, ko da shi Malam ɗin ne. Kuma kar in yarda in kwana ni kaɗai da makullin, don hannu ɗaya bai ɗaukar jinka.

Na ce: “Ka fara ko?” Ya yi dariya, ya miƙo mini kifi.

Yau kafin a kai shi makwanci, waya ta yi ta shigowa. Bayan gaisuwa kowa tambayarsa ɗaya: “Barira, shafukan sun tafi ke nan?” Ban ga laifinsu ba. Mun sha ganin ƙungiyar da shafinta ya bi mai lambar sirri kabari. Ga shuka ta fito, ga mutane na jiran labari.

Bayan mun yi wa iyalinsa gaisuwa, ni da Sanusi muka wuce biro. Hularsa na nan rataye jikin ƙusa.

Na shiga da sunana. Komi ya buɗe.

Na saki sanarwar rasuwarsa a dukkan shafukan. Sannan na je inda sunayen mutane suke, na tsaya a kan nasa.

Sanusi ya ce: “Haba Barira, ki bari a yi sadakar uku mana. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.”

Na ce: “Wayarsa na can gidan makoki, daga wannan hannu sai wannan, kuma a buɗe take da shafukan mutane. Kai ma ka san abin da zai ce.”

Ya juya baya.

Na yi bisimilla na cire Malam daga babban makulli, hawaye na ɗiga a kan ordinatar ɗinsa. Ban goge sunansa ba. Duk abin da ya taɓa rubutawa yana nan da sunansa, kuma haka zai zauna.

Ban tashi ba sai da na ɗora Sanusi a matsayin na biyu. Ya ce bai shirya ba. Na ce ni ma haka na ce.

Muna shirin fita sai na ga wani rubutu na jiran a duba. Wani manomin wajen Gabi ne, ya ga tsutsa a gonarsa, yana son a sanar da makwabta. Na karanta, na gyara kalma ɗaya, na saki. Kafin mu kai tasha mutane sun fara amsawa.

To ƴan'uwa, ga amsar tambayarku: shafukan na nan, gobe ma kowa ya shiga da sunansa kamar kullum.

Magariba ta yi yanzu. Na kama kaina ina duban waya, ina jiran ya kunna tasa ya ce wa ya yi mene.

Malam, mun yi yadda ka ce. Ba mu ɓata komi ba.

Ya Allah, bawanka Lawali ya riƙe amanar mutane, bai tafi da ita ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka buɗe masa ƙofar Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari, mu kuma ka ba mu ikon riƙewa.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kar ka wuce sai ka yi masa addu'a. Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce, Allah ya kai masa ladan.